Gawar da Jethro Ya Yi Jinya

Jethro mutumin Pankshin ne, amma Gagarawa ta san shi tun yana buga tafireta a wani ofishin aikin gona da ke bayan kasuwa. Mutum ne mai tsoron laifi. Ko kofi ya fashe a ɗakin da ba ya ciki, sai ya je ya ba da haƙuri. Da wata ƙungiya ta ba ofishin kwamfuta, shi aka ɗora a kanta, don yatsunsa kaɗai suka san inda haruffa suke.

Kwamfutar nan biyu ce a jiki ɗaya. Injiniya Irfan, wanda ya zo daga Kano ya haɗa ta, ya ce tsohon tsarin rabon iri da taki ba ya jituwa da sabuwar na'ura, don haka ya gina masa wata 'yar kwamfuta a cikin ƙwaƙwalwar babbar, ba akwati ba waya, tana zaune kamar 'yar haya. Shugaban ofis, Alhaji Gudaji, ya leƙa ta ramukan iska bai gan ta ba, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya.

A shekarar 1998, ana tsakiyar wahalar fetur, wata safiya allon ya koma shuɗi, fararen lambobi suka cika shi layi-layi, komai ya tsaya cak.

"Me ka taɓa?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, atishawa kawai na yi."

"In hannunka ne, ka tattara kayanka."

Jethro ya hau babur sai Gumel, inda ake da tarho. Irfan ya ce masa lambobin nan amai ne: kafin ta mutu ta zubo abin da ke ƙwaƙwalwarta, kuma a ciki akwai sunan wanda ya kashe ta. "Kada a kashe wuta sai na zo na karanta," ya ce, layi ya yanke.

Wutar ofishin kuwa ta janareto ce. Jethro ya ce bari ya kwafe lambobin a takarda, Alhaji ya ce wanda ake tuhuma ba ya rubuta shaidarsa. Aka ɗauko mai hoto, hoton ya fito da wani farin haske da hular Alhaji. Ba abin da ya rage sai janareto ya yi ta aiki, ba hutu.

Da farko Jethro ya juye man baburinsa. Sannan Ubale direba ya zuƙe tankin motar ofis da tiyo, ya wuni yana gyatsar fetur. Daga nan Jethro ya tura baburin da ƙafa zuwa wurin 'yan bumburutun da ke kai mai Maigatari, ya dawo da jarkoki a amalanke, ba babur. Matarsa Paulina ta zo da niyyar faɗa, ta ga idanunsa, sai ta jiƙa buhu ta rufa wa injin, ta zauna tana yi masa fifita da faifai.

"Ni ko ranar da na yi zazzaɓi ba ka zauna mini haka ba," ta ce.

Gari ya ji labari. Mata masu zuwa rijiya sukan tsaya a taga.

"Malam Jatau, ya mai jiki?" Haka suke kiransa.

"Ai ta mutu, Iya."

"Ayya. To Allah ya ƙara sauƙi."

Irfan bai zo ba, don shi ma rashin man ya tsare shi a Kano. Makonni suka shuɗe. Jethro ya rame, kunnensa ya koma na janareto; yana cikin coci, in injin ya yi tari daga nesa sai a ga ya miƙe tsakiyar addu'a. Har yau, duk wanda ya yi aiki a ofishin nan, in ya ji inji ya sarƙe sai gabansa ya faɗi.

Rannan jarka ta ƙarshe ta shiga tanki, sai ga Irfan ya sauko daga bayan motar shanu a Gagarawa Tasha, ya ƙaraso a ƙafa. Jethro ya kama hannunsa zai ja shi ciki, Alhaji ya tare ƙofa.

"Kai, baƙo ne fa! A shimfiɗa tabarma. Injiniya, ya hanya? Ya gajiya? Ya mutanen Kano?"

"Ranka ya daɗe, man janareto..." in ji Jethro.

"Ya maigidan naku? Ƙafar tasa ta saki? Ya wannan ƙanin naka mai in'ina?"

Injin ya yi tari. An kai kan gaisuwar surukan Irfan, injin ya sake yin wani. Ana miƙo kwanon fura injin ya mutu, wuri ya yi shiru gaba ɗaya, shirun da Gagarawa ta manta da irinsa. Jethro ya zauna daɓas a ƙasa.

Irfan ya sha furarsa, ya shiga, ya dubi baƙin allon, sannan ya ɗauke shi ya karkata shi wajen taga. Lambobin suna nan. Tsabar daɗewa a wuri ɗaya sun ƙone gilashin, sun bar zanensu dishi-dishi kamar tabon ƙuna. Ya bi su da yatsa daga ƙasa zuwa sama, wannan ya kira wancan, wancan ya kira na gaba, har ya tsaya a wani layi.

"Ga ta nan. 'Yar hayar ce. Ta miƙa hannu wani ɗaki na ƙwaƙwalwar da ba nata ba, babbar ta firgita ta faɗi."

"Atishawar fa?" Jethro ya tambaya.

"Ba ta ciki."

Alhaji ya gyara hula. "To wadda ta yi laifin ita za ta tattara kayanta. Jethro, rubuta mata takardar sallama."

Da aka samu mai, Irfan ya tayar da babbar, Jethro ya buga takardar a kanta, Alhaji ya sa hannu, aka manna a jikin akwatin yadda ta ciki za ta gani. Irfan ya cire ta ya gina wata.

Jethro ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya, a ƙafa yake zuwa. Duk abin da ya buga, a kan tabon lambobin nan yake fitowa. Sau biyu aka so a canja masa allo ya ƙi, ya ce shaidarsa ce.