Zaren Baba da Tsinken Ashana

Jiya ƙofar sitona na Gusau ta ƙi rufuwa, kamar an danne ta daga sama. Nan na tuna Baba, maginin da ya zuba mini dekin kan ƙarfe.

Duk shekara yakan zo daga Tsafe, baki jawur da goro, ya ja zare ƙarƙashin ƙarfen, ya auna lotsawarsa da kaurin tsinken ashana.

Na ce, "Baba, ginin da zai ɗauki giwa ɗari?"

Ya ce, "Ɗana, kankare shekaru yake yi yana tsukewa. In lotsawar ta kai tsinke uku, sauke buhunan da ke kan dekin."

Yau na auna da kaina: biyu da rabi.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya tsayar da rabin nan inda yake.