Wayoyin da Na Juya

Shekarata ashirin da biyu na fara aikin makanike a wata rumfar gyaran ƙananan jirage, can bayan Kawo. Sojoji ke mulki lokacin, Kaduna tana ta cika, ni kuwa ban san kowa ba. Ɗaki ɗaya na kama a Unguwar Kanawa, daga ni sai keke sai rediyo. Inda kawai nake cin abinci da mutane shi ne wurin aiki, in azahar ta yi mu shida mu zagaye kwano ɗaya a gindin dalbejiya.

Jirgin koyon tuƙi ba shi da wani asiri. Sanda ce a gaban matuƙi, wayoyin ƙarfe sun tashi daga gindinta sun bi cikin fiffike, har su kama wani faifai mai lilo a gefen baya. In an kai sanda dama, faifan dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, jirgi ya karkata dama. Na haddace wannan kamar karatun allo, kuma ina ji da kaina, don ni kaɗai na yi sakandare a cikinsu.

Wata Talata aka ba ni canjin wayoyin fiffike. Na gama da wuri, ina ta fito. Dokar wurin ita ce duk wanda ya taɓa wayoyin tuƙi sai wani ya duba bayansa. Shugabanmu, wani dattijo Basakkwace da muke kira Baba, ya hau ya zauna, ya kai sanda dama.

"Wane yat tashi?" in ji shi.

Na duba. Na hagu ne. Ashe na juya wayoyin wajen haɗawa, kuma da safe wani ɗalibi zai tashi da jirgin nan.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sauka kawai ya yi, ya karɓi sufana daga hannuna, ya miƙo mini tsintsiya. Da azahar ba wanda ya kore ni daga kwano, ba kuma wanda ya kira ni, ni ma kunya ta hana ni matsawa. Mako uku ina sharar rumfa, ina cin rogo a bayan durom ɗin mai, ina jiyo dariyarsu. Na ji haushinsu, na fi jin haushin kaina. A ƙauye mahaifiyata tana gaya wa mutane ɗanta yana aikin jirgin sama, to me zan rubuta mata? Kullum ina jiran takardar sallama.

Ran nan Baba ya canja wayoyin wutsiyar wani jirgi da hannunsa. Ga manya nan tsaye, sai ni ya yafito, ya ce in duba masa. Na bi waya ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Komai daidai, sai noti guda da ba a ɗaure shi da siririyar wayar da ke hana shi warwarewa ba. Na daɗe a durƙushe. Mai shara ne zai ce Baba ya yi kuskure?

"Baba, wannan ba a kulle shi ba."

Bai ko leƙa ba. "Da ka yi kurum," ya ce, "da yau aikinka ya ƙare."

Da azahar ya gusa a kan tabarma, ya ce in wanke hannu da kyau, ba ya son warin mai a cikin miya. Har ya bar aiki ban tambaye shi ko da gangan ya bar notin ba.

Da yamma na taka keke kamar zan tashi sama, bakina cike da labari. Na buɗe ɗaki, na jingina keken, na zauna bakin katifa. Sai a lokacin na tuna ba ni da wanda zan ba.