Doña Orfelina, Mai Shiga Ƙarƙashin Dakali

Kafin hayaƙi ya fara tashi daga rufin gidajen Lemucura, Doña Orfelina Chiguay ta riga ta fito. Ni Zunilda shaida ce, domin tagar da nake kwaɓa burodi tana kallon ƙofarta. Takalmin roba har gwiwa, tsohuwar rigar ruwan mijinta da ta yi mata yawa, gwangwanin fulawa a hammata, tulun feshi a baya. Ba ta doguwar gaisuwa da safe. Hannu kawai take ɗaga mini, ta gangara gidajen da ta barbaɗa wa fulawa jiya da yamma, ta je ta ga wa ya taka.

A ƙauyenmu na kudancin Chile ruwan sama ba ya sallama, shi ya sa kowane gida yake da dakalin katako a bakin lambu, inda ake shanya, yara su yi wasa ba su taka laka ba. Saman dakali namu ne, ƙarƙashinsa kuwa ɓera ya daɗe da gaje shi. In mace ta ga tulin ƙasa a gindin katako, ko ta ji ana ƙwaƙular itace a ƙasan ƙafarta, ba ta neman kowa sai Orfelina.

Ita kuma ba ta gaggawa. Za ta cusa busasshiyar ciyawa a bakin ramin, ta barbaɗa fulawa kewaye, ta koma gida. Washegari in ciyawar tana nan, ramin kango ne. In an ture ta, mai gida yana ciki, kuma ya bar sawunsa. Ƙaton ɓeran rami tafiya yake yi, tafinsa da faɗi, yana jan jela kamar igiya. Ɗan ƙaramin nan da muke kira dogon-wutsiya kuwa tsalle yake, sawu biyu nan, biyu can.

Don Rosamel, mai tumaki a bayan coci, har gobe yana ba da labarin ranar da ya kira ta. Ya ga wani ƙaton ɓera ya shige ƙarƙashin dakalinsa, ya sayo shinkafar ɓera leda guda, yana ta cika baki.

"Doña, wallahi ya kai kyanwa! Yau sai na ga bayan danginsa kaf."

"Ajiye ledar nan, Rosamel. Ɓera ya ci, karenka ya ci ɓera, mujiya ta ci saura. Sai ka zauna kai kaɗai da jikokin ɓeran."

"To ya zan yi da shi?"

"Kai ka gayyato shi. Dubi kwanon kare a bakin rami, dubi tuffa tana ruɓewa a ƙasa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kuma wannan ƙaton da ya firgita ka, ba shi ne ya dame ni ba."

Ta nuna masa 'yan ƙananan sawu a gefen fulawar. Ta ce ƙaton yana haƙa rami, ya ci dankali, ya ɓata wa mutum rai. Ɗan kyakkyawan nan mai manyan idanu ba ya ko wahalar haƙa, a cikin itace da tsumma yake kwana, amma kashinsa da fitsarinsa in sun bushe suka zama ƙura, mutum ya shaƙa, zazzaɓin da ke cika huhu da ruwa ya same shi. Don haka dokarta ɗaya ce, kuma kowane yaro a garin nan ya haddace ta: ba a taɓa busasshiyar ƙasa da tsintsiya. A jiƙa da ruwan kulorin, a jira, a ɗaura takunkumi, a sa safar hannu, sannan a kwashe. Bayan haka sai tarko, sai duwatsu a rami, sai ragar waya da take binnewa a gindin dakali yadda mai haƙa zai haƙa ya gaji.

Ba a makaranta ta koyi wannan ba, kuma da za a ba ta zaɓi da ba ta koya ba. Mijinta, Don Baldovino Barría, kafinta ne, shi ya buga kusan duk dakalan garin nan. Kimanin shekara ashirin da suka wuce wasu mutanen birni suka kira shi ya gyara na gidansu da ke kan tudu, wanda ya daɗe a rufe. Mutum ne mai tsafta, ba ya aiki a kan datti. Ya shiga ƙarƙashi da tsintsiya ya share tas, ya fara aiki, ruwa ya kece, ya tattara kayansa ya ce in an ɗauke zai koma ya ƙarasa. Ba a ɗauke ba sai da zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka ce mura ce, muka dafa masa ganye. Ranar da aka sa shi a mota zuwa asibiti yana numfashi kamar wanda ya nutse, kuma bai dawo ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da Orfelina ta bayyana mata abin da ya kashe shi. Ta dawo gida ta tattara tsintsiyoyinta ta cusa a murhu. Da aka yi sadakar wata guda a coci, ta sayi tulun feshi. Tun daga nan, a iya sanina, ba a sake fitar da kowa daga Lemucura da wannan ciwon ba.

Ke ce, Orfelina ta Baldovino, mai shiga inda maza ke leƙe. Ke ce kika ja ciki a laka ƙarƙashin gidajenmu muna tsaye a sama muna toshe hanci. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne yadda wasu gidajen suka saka miki. Kowa ya san in an zauna shan mate, shayin ganyen nan namu, ƙoƙo ɗaya ne, bututu ɗaya, yana zagayawa daga baki zuwa baki, kuma ba a tsallake mutum sai in an raina shi. Amma sai ki fito, ki wanke hannu har gwiwa, a ba ki kujera, ƙoƙo ya zo kusa da ke ya yi kwana. Wasu masu dabara su kawo miki shayi a kofi daban, wai girmamawa. Na sha yin faɗa a kan wannan har aka ce bakina ya fi tandata zafi. Ke kuwa sai ki karɓi kofin ki ce kin gode, ki ɗauki ɗan dankalin da aka ba ki, ki tafi.

Gida ɗaya ne ba ta taɓa shiga ba, na kan tudu. Ko hanya ta biyo da ita ta nan, tsallakawa take ɗaya gefen. Mu ma ba mai ambata mata shi.

Bana gwiwoyinta suka ce sun gaji. 'Yarta Yasna ta zo daga birnin Puerto Montt ta ce ƙarshen wata za ta tafi da ita, ba shawara ta zo nema ba. Ana cikin ɗaure kaya sai ga wata yarinya a ƙofa da jariri a hannu. Fresia ce, wadda ita da mijinta Eliecer suka sayi gidan kan tudu. Baƙi ne, ba su san komai ba. Ina wurin, ina taya naɗe barguna.

"Doña, an ce ke ce mai maganin ɓera. Ramuka ne ƙarƙashin dakalinmu, ga Amaro ya fara rarrafe, komai ya gani sai baki."

Orfelina ba ta ɗago ba. "Na ajiye aiki, 'yata. Gwiwa ta ƙi."

Na yi saurin cewa, "Ki hana yaron hawa dakalin kawai, za a samo wani daga birni."

Fresia ta gyara wa yaron hula. "Ba komai, Doña, kar ki damu. Dama Eliecer ya ce ran Lahadi in ya dawo daga gonar kifi zai shiga da kansa ya share wurin tas. Shi fa ba ya son datti."

Bargon da ke hannun Orfelina ya faɗi. Ta juyo wurina ta ce, "Zunilda, ina kika sa gwangwanin nan?"

"Haba ƙawata, da wace gwiwar?"

"Da wadda ta rage. Miƙo."

Da yamma ta hau tudun tana dogara kafaɗata, ta barbaɗa fulawa daga bakin dakali ba ta kalli ciki ba. Washegari sawu iri biyu muka tarar, na mai tafiya da na mai tsalle, na mai tsallen har gindin matakalar da yaron ke zama. Ta sa Fresia ta kai shi gidana. Ta yi feshi ta kowace kafa har ƙasa ta jiƙe sharkaf, muka jira. Sannan ta ɗaura takunkumi, ta durƙusa. Na ji ƙarar gwiwar da kunnena. Ta yi alamar gicciye, ta ja ciki ta shige.

Mun ji motsinta, mun ji tana ɗana tarkuna, tana turo buhun shara waje. Can sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na durƙusa ina kiran sunanta.

"Ina nan," ta ce, muryarta wata iri. "A samo mini guduma da ƙusa, doguwa."

Fresia ta kawo na mijinta, na tura mata. Sai muka ji bugu a ƙarƙashin ƙafafunmu, a hankali, irin na wadda ba sana'arta ba ce, tana bugawa tana hutawa.

Da ta fito, laka har gira, ta zauna a kan matakala ta buɗe tafinta. Guntuwar ƙusa ce da tsatsa ta cinye. Ta ce akwai wani tokari a can ƙurya da aka kafa gefe ɗaya, ɗaya gefen an fara buga ƙusa an bar ta rabi. Ta taɓa ta, ta karye.

"Ya ce zai koma ya ƙarasa," in ji ta. "Shekara ashirin tana jiransa. To, na ƙarasa masa."

Sai a lokacin Fresia ta ji labarin, daga bakina. Ta kawo ruwa da sabulu ta zuba wa Orfelina har ta gama wanke hannu, ta shiga ta haɗa mate, ta miƙa mata ƙoƙon. Orfelina ta duba bayanta ko akwai wani. Ta zuƙa ta mayar. Yarinyar ta ƙara ruwan zafi, ta kai bututun bakinta ba ta goge ba. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, sai na tashi na koma bayan gida, don kukan ya fi ƙarfina. Na yi murna, na kuma ji takaici, wai sai baƙuwa ce za ta yi abin da gari guda ya kasa.

Ranar Lahadi Eliecer ya binne ragar waya, Orfelina tana zaune a kujera tana nuna masa da sanda tana masa tsiya a kan riƙon shebur. Aikinta na ƙarshe ke nan.

Mun gode, Orfelina. Mun gode da yaran da suka girma a kan dakalan Baldovino ba su san abin da kika kwashe a ƙarƙashinsu ba. Mun gode da mazan da suka tsufa a gaban matansu saboda kin ƙwace musu tsintsiya. Godiyar ta zo a makare, kuma na san ba za ta gyara gwiwa ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sa gidan Yasna ya karɓe ki, ya jiƙan Baldovino.

Ku kuma mutanen Lemucura, da duk mai dakali a ƙofarsa, ga abin da ya rage. Ta bar gwangwanin da tulun feshin a tagata, ta ce duk mai so ya ɗauka. Har yanzu suna nan, ni kuma na girme ta da shekara biyu. Aikin ba ya neman ƙarfi, haƙuri yake nema da gwiwa mai lanƙwasuwa. Wani ya zo ya ɗauka kafin ɓera ya gane ta tafi. Kafin nan, ku jiƙa kafin ku share.

Motar Yasna za ta zo ran Asabar. Ran Juma'a da yamma akwai mate a gidana, ƙofa a buɗe take ga kowa. Ƙoƙo ɗaya ne, bututu ɗaya, kuma daga bakinta zai fara. Wanda ya san zai nemi kofi daban, ya zauna a gidansa.