Amshin da Na Yi a Bakin Kanal

Mawaƙin ya mutu a makon da na haifi ɗana na fari. Mawaƙin ban taɓa ganinsa ba. An ce dogo ne baƙi, mai waƙar manoma, da gangarsa da 'yan amshinsa, kuma tun kafin gwamnati ta haƙa kanal ta kawo mana ruwan rani ake sa faifansa a rediyo. Ni dai abin da na sani, ina gidanmu ina wankan jego, fatata duk ta saluɓe da ruwan zafi, aka ce ga maigidana ya zo barka, idonsa jawur. Na ɗauka tausayina ne ya kama shi. Ashe daga jin sanarwar rasuwa yake.

Ranar suna aka raɗa wa yaro sunan mawaƙin. Babana ya so a sa na kakana, surukata ta so a sa na mijinta marigayi, maigida ya toshe kunnensa. Suna ne na Musulunci, ba mai cewa haramun ne, sai kowa ya haɗiye maganarsa. Ba zan rubuta sunan a nan ba. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Da wannan kunyar ake gane ko an yi wa mace tarbiyya a gidansu.

Uba ma haka ya kamata ya yi. Amma maigida ya samo dabara. A waƙoƙin mutumin nan akwai inda 'yan amshi suke kiran sunansa, su ja shi dogo, su ɗaga ƙarshensa sama, sai ganga ta faɗo a kai. To nan maigida yake jira. Da an iso wajen sai ya bi su da ƙarfi yana kallon yaro.

Na ce, “Malam, ana jinka fa a waje.”

Ya ce, “Ni na kira wani? Waƙa nake.”

Maƙwabta suka ɗauka. In mace ta shigo ɗiban wuta, ba ta kiran yaron kamar yadda ake kiran ɗan mutane, sai ta rera. Inna, uwar maigida, angona take ce masa. Ni kuwa “kai” nake cewa, ko “yaron nan”. Har ya fara tafiya bai taɓa jin sunansa a bakin wani ba sai da karin waƙa. In ka faɗa masa shi haka kawai, ko waiwayowa ba ya yi.

Rakodar maigida tana da riga, tela ne ya ɗinka mata da yadi mai fure, ya fi majanyin da nake goyo da shi kyau. Kaset ɗin a kasuwar Kura aka juyo masa shi daga tsohon faifan garmaho, har da ƙarar allura a ciki, kamar ana soya gyaɗa. In batir ya yi sanyi a shanya shi a rana, muryar mutumin ta dinga ja kamar ta mai ciwon haƙori, duk da haka ba a kashewa. In maigida ya dawo daga ban-ruwan tumatir, ƙafarsa duk laka, kafin ya tambayi tuwo sai ya latsa.

“Ji nan, ji nan! Kin ji yadda ya bar ganga ta wuce, sannan ya bi ta? An daina yin irinsu.”

Ina daka, bayana yana ciwo, in ce na ji.

Duk wannan da sauƙi. Abin da yake cina shi ne yaye. Al'ada ce kaka ta ɗauki ɗan fari in za a cire shi daga nono, wata ta dawo da shi in ya manta, wata ta riƙe. Inna tana zaune a wani ƙauye ta wajen Bunkure, ƙofar gidanta tana kallon babban kanal, wanda yake shanye namiji tsaye. Gefensa siminti ne mai gangara, ga gansakuka, in ƙafa ta zame ba abin kamawa. Shekarar da aka kawo ni, ɗan maƙwabciyarta ya faɗa, sai a ƙofar ƙarfen da ake raba ruwa aka same shi. Inna kuma idonta ya fara yana, ga ta da gyangyaɗi in ta zauna tuyar ƙuli-ƙuli. Mu ma akwai kanal a bayan gidajenmu, ƙarami, amma ni idona a kan yaron yake tun asuba.

Inna ta faɗa min sharaɗinta ƙarara, tana sakace haƙori: “In na ga uwarsa mai kunya ce, ya manta nono in dawo da shi. In na ga irin 'yan zamanin nan ce masu lashe ɗa kamar akuya, to angona ya zauna wajena.”

Saboda haka duk ranar da ta zo, sai in ajiye shi kamar tsumma. Ya yi kuka in ci gaba da tankaɗe. Yayen kuma na yi ta ja, yau haƙori, gobe ana ƙyanda a gari, har ya kusa cika shekara biyu.

Shi ma mawaƙin ya kusa cika shekara biyu a ƙasa. Gidan rediyo suka fara shela cewa ranar da zai cika za su wuni suna sa waƙoƙinsa, tun daga faifansa na farko. Mazan garinmu suka ɗauki abin kamar Sallah. Direban da yake kwasar tumatir ya ce zai kawo lasifika da batirin mota, a ɗaura a bishiyar mangwaron da ake loda kwanduna, can tsallaken ƙaramin kanal. Maigida ya shigo da shinkafa da wake ya dire min.

“A dafa da yawa, sadaka ce.”

“Sadakar wa?”

“Ta marigayi.”

“Wane marigayin? Babanka?”

Ya harare ni ya fita. Babansa ban taɓa ganin an dafa masa ko gauda ba.

Da hantsi sai ga Inna ta sauko daga akori-kura, da ƙullin kayanta da ɗan ƙunshin maɗaci, wanda ake shafa wa nono don yaro ya ƙi shi. Ban san da zuwanta ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ranar kuma ranar sakin ruwa ce, tun safe nake jin kanal yana gudu a bayan katanga.

Lasifika ta fara. Mai gabatarwa yana ta zuba, wai mutumin nan shi ya sa manomi ya daina jin kunyar fartanya, wai duk wanda ya riƙe ganga bayansa a inuwarsa yake. Ana jin maza suna gardama daga can, wani yana cewa waƙar gero ce ta farko, maigida yana rantsuwa ba ita ba ce. Yaron yana riƙe da zanena ina hura wuta. Duk sanda 'yan amshi suka ja sunan sai ya ɗaga kai yana neman mai kiransa.

Inna ta ce, “Ke, wannan liƙewar ta mece ce? Kin haɗa shi da zane kin ɗinke ne? Kawo min angona, ki ji da tukunyarki.”

Ta ja shi zaure, wai can ya fi iska. Ban isa in bi su ba. Ban isa in leƙa ba. Ina juya shinkafa, kunnena yana zaure. Na ji tana yi masa wasa, na ji wata tsohuwa ta shigo sun gaisa ta fita, daga nan shiru. Bayan azahar mai gabatarwa ya ce to ga faifan farko, wanda ba kowa ya taɓa ji ba. Maza suka yi ihu. A wannan faifan, 'yan amshi ba sa hutawa, daga sun sauke sunan sai su sake ɗauka.

Na ajiye muciya. Na ce bari in yi kamar zan zubar da ruwan wanke-wanke.

Da na leƙa zaure, Inna tana jingine da bango tana barci, bakinta a buɗe. Ba yaro.

Ban san sanda na fita ba, ba mayafi, ɗankwali ma a hannu. Na zaga bayan gida na hango shi. Akwai kwalbati da ake tsallakawa, amma yana can gaba, shi kuma bai san da wani kwalbati ba. Ya miƙe sak inda ake kiransa, yana tafiyar nan tasu ta 'yan tata, hannu a sama, ruwa yana tsakaninsa da mangwaron. Mazan duk sun ba kanal baya, sun kewaye lasifika. Tsakanina da shi akwai fegin albasa da aka shayar da safe, ƙafata tana nutsewa.

“Kai! Kai yaro!”

Ko gezau. Na kira maigida, lasifika ta danne ni. Na ga ƙafarsa ta hau simintin bakin. Sai na faɗi sunan, karo na farko tun da aka raɗa shi, na faɗe shi da ƙarfi yadda ake kiran kowa. Bai juyo ba. Bai san shi a haka ba.

Daidai nan ganga ta yi ƙasa, mutumin yana jan numfashi. Na buɗe maƙogwaro na rera. Na ja shi dogo, na ɗaga ƙarshensa sama, kamar yadda nake jinsa safe da yamma ina tsinewa a zuciyata. Ashe duk ya zauna min. Yaron ya tsaya. Ya waiwayo, ya ga ni ce, ya yi dariya. Na sake rerawa ina tafiya, na sake, shi kuma ya juyo yana tafa hannu, har na damƙi damtsensa na fizgo shi jikina.

Da na ɗago, duk mazan garin suna kallona. Wani ya rage lasifika. Ban san wanda ya fara dariya ba.

“Kai, an samu sabuwar 'yar amshi!”

Direban ya ce wa maigida, “Ashe da zabiya a gida kake wahalar sayen batir?”

“A kai ta gidan rediyo mana, tunda an yi rashi!”

Wani dattijo ne kawai ya ce a yi wa Allah godiya, ba wanda ya saurare shi. Maigida ya tsallako ta kwalbati, fuskarsa kamar an watsa masa toka. Bai tambayi yadda aka yi yaro ya fito ba. Abin da ya ce, “Wuce gida. Rufe kanki.”

Inna tana tsaye a ƙofar zaure. Ta ji komai, kuma ta ga yadda na rungume shi.

“Sauke min shi.”

Na sauke.

“A gaban maza. A gaban mijinki. A gabana. Kin kama sunan ɗan fari bai ishe ki ba, sai da kika yi masa kiɗa. A gidanku haka aka koya miki?”

Na ce, “Inna, ruwa zai faɗa.”

“Ba ki da ƙafa ne? Mu da muka haifi namu a bakin rijiya, waƙa muka yi musu?”

Maganar barcinta tana kan harshena. Na kalli maigida, ya san abin da ya faru, ya sunkuyar da kai yana kankare laka daga takalminsa. In na faɗa, na zagi uwar miji, wannan kuma sai dai in kwana a gidanmu. Inna ta jefo min ƙunshin maɗacin, ta ce in haɗa kayan yaro, ba za ta kwana ba.

Na haɗa. 'Yan rigunansa, kofinsa, layar da babana ya ba shi. Aka ɗebi shinkafar sadaka aka kai wa maza, suka cinye, lasifika ta koma yadda take. Da Inna ta goya yaron za su fita, na durƙusa a gabanta, na rasa ta inda zan fara.

“Inna, don Allah. In ya nufi ruwa, ba ya jin kira. Sai an rera masa yake tsayawa.”

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. “Ni ba zabiya ba ce.”

Maigida ya raka su bakin titi, ya dawo ya wuce gindin mangwaro, don an ce akwai wata hira da aka taɓa yi da mutumin, za a sa kafin magariba. Matan gari kuwa sun samu abin yi. Wata da watanni, in na shiga gidan biki sai wata ta buga ƙwarya ta ce, “Zabiya, a ɗan taɓa mana.” Ba wadda ta taɓa ce min sannu.

Inna ta riƙe shi. Sai da ya isa shiga makarantar allo ya dawo hannuna. Amma zuwana na farko gidanta nake so in faɗa, bayan an girbe alkama, da maigida ya yarda ya kai ni a kan keke. Tun daga nesa nake jin babban kanal. Na shiga da sallama na tarar tana tuya a tsakar gida, shi kuma yana zaune a ƙasa yana wasa da murfin kwano. An ɗaura masa tsohon zane a ƙugu, ɗaya bakin an ɗaure shi a jikin turmi. Iyakarsa inuwar rumfa.

Ya kalle ni, ya koma kan murfinsa. Inna tana kallona ta wutsiyar ido, tana jira ta ga abin da zan yi. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi jikinta, na tambayi kasuwa, ban dubi inda yake ba. Da ta ce in ɗauko mata tire a ɗaki, na bi ta gefen turmin, na sa yatsan ƙafa na ja ƙullin. Ya ɗauru tamau.