Faifan Kuɓewata da Motar Malam

Shekarun baya, can wajen tsakiyar shekarun casa'in, muna haya a wani ƙaramin gida a Glenwood, nan cikin Greensboro. Lokacin ba mu daɗe da zuwa Amurka ba. Maigidana bakanike ne tun yana saurayi, a Kaduna har layi ake yi a garejinsa, amma da muka zo nan aikin masaƙa ya samu, yana tura bandiran yadi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Ni dai ina kallon hannunsa in ya dawo, fes, babu ko ɗigon baƙin mai, sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Na san hannun nan ba haka yake son zama ba.

Wata Asabar ina wanke-wanke sai na ji ƙugin babbar mota. Na leƙa taga, sai ga motar janwe tana sauke wata aba a bayan gidanmu. Dogon hanci gare ta, gajeren baya, kalar lemo amma duk ta koɗe, tayoyi a ƙasa, ganyen bishiya ya cika cikinta.

Na fito na ce, "Malam, wannan fa? Gawa ka ɗauko mana?"

Ya shafa bayanta ya ce, "Barci take yi. 'Yar Japan ce, motar tsere, ta farkon shekarun saba'in. Ina yaro na taɓa ganin irinta sau ɗaya a Kaduna, na bi ta da gudu har takalmina ya tsinke."

Na leƙa ciki. "Kujera biyu kacal? Mu biyar ne fa a gidan nan."

"Ai ba ta kai yara makaranta ba ce."

Na ce Allah Ya sanya alheri, na koma wanke-wankena. Amma ranar ce na fara ganin baƙin mai a hannunsa tun zuwanmu, shi ya sa ban ƙara tanka masa ba.

Duk ƙarshen mako yana ƙarƙashin motar nan. Kuma ya yi mata aiki irin na gida, yadda aka koya masa: abin da ya tsufa a cire, a sa sabo, duk abin da ya shiga ya zauna shi ne daidai. Ya cire tsofaffin murafun taya ya sa ƙafafu masu ƙyalli. Ya cire babban sitiyarinta mai kama da katako ya sa ɗan ƙarami baƙi. Akwai wani dogon akwatin ƙarfe a gefen inji, na tace iska, shi ma ya yage shi ya sa wasu ƙanana masu sheƙi. Duk abin da ya cire sai ya jefa gefen bola.

To ni kuma Allah Ya yi ni da wata cuta: ba na iya zubar da abu. Gwangwanin madara, kwalbar man gyaɗa, robar bota, duk ina da wurin ajiye su. Yarana har tsokanata suke yi, in sun sha lemo su ce da Turancinsu, "Mama, ga dukiya," su miƙo mini kwalbar. Da na ga ƙarfe mai kyau haka a bola, sai na bari Malam ya tafi aiki na kwashe abina.

Murafun tayar nan guda huɗu ne, masu faɗi, da ɗan zurfi. Na wanke su tas da lemon tsami, suka zama faifaina, tunda babu inda zan samu faifai a garin nan. A kansu nake shanya kuɓewa da barkono. Akwatin iskan na shimfiɗa masa leda na zuba ƙasa na shuka na'ana'a. Sitiyarin kuwa na kwantar da shi a ɗakin ajiya, ya zama mazaunin babbar ƙwaryata, don kullum tana gangarewa. Malam yana cin miyar busasshiyar kuɓewa yana santi, bai taɓa tambayar a kan me ta bushe ba.

Ina da wata ƙawa, Hajiya ce 'yar Nijar, ta girme ni, ita ta riƙe ni kamar ƙanwa tun zuwanmu. Wata rana ta zo ta ga faifan nan ta ce, "Kai, 'yar Najeriya, ina kika samo wannan tire? Ya yi kyau da kofunan shayin maigidana Alhaji." Ban tsaya tunani ba na ɗauki ɗaya na ba ta. Ta ce da Faransancinsu, "Kado ne?" Na ce kyauta ce har abada.

Motar ta tashi bayan an fi shekara. Ranar da ta yi ƙara, maƙwabta suka fito, Malam yana dariya kamar an yi masa haihuwa. Ana cikin haka wani abokin aikinsa ya gaya masa akwai wani tsohon Bature can wajen Sedgefield, yana da gareji, ba ya taɓa komai sai tsofaffin motocin Japan, kuma yana neman mai taya shi don hannunsa ya fara rawa. Malam ba shi da takardar kanikanci ta ƙasar nan. Motar ce takardarsa. Ya wanke ta, ya sa rigarsa mai kyau, ya tafi.

Da ya dawo, tun daga yadda ya rufe ƙofar motar na gane ba a dace ba. Na kawo abinci na zauna. Ya daɗe yana juya cokali kafin ya yi magana.

Ya ce tsohon ya saurari injin, ya ce bai taɓa jin wanda aka daidaita haka da kunne ba. Sannan ya zagaya motar ya ɓata rai. Ya ce a wurinsu ba gyara ake nema ba, mayar da mota ake yi yadda ta fito daga kamfani, da kayanta na asali. Masu kawo masa aiki sun fi son tsohon ƙusa na asali a kan sabon inji. Ya ce ba zai iya barin mutumin da ke zubar da kayan asali ya taɓa motocin mutane ba. Amma in Malam ya mayar mata da kayanta, ya dawo su yi magana.

Na ce, "To ka mayar mata mana."

"Da me? Motar bola ta kwashe su tun bara. Ya ce irinsu sai a yi shekaru ana nema ba a samu ba." Ya ture farantin. "A Kaduna in ka sa wa mutum sabon kaya godiya yake yi. Nan kuma wai ɓarna na yi. Masaƙar dai ita ce tawa."

Na ce, "Malam, in ka gama cin abinci ka zo ka taya ni ɗaukar ƙwarya."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba, amma ya biyo ni. Na buɗe ɗakin ajiya na ce ya ɗaga ƙwaryar. Ya ɗaga. Ya tsaya da ƙwarya a hannu yana kallon sitiyarinsa. Na ja shi waje na nuna masa na'ana'ata, sannan na juye kuɓewa daga faifai uku na jera masa a kan ciyawa.

Bawan Allah nan ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Uwargida, wato duk miyar da nake sha..."

Na ce, "A kan tayarka ta bushe."

Ya yi dariya har da hawaye. Sai da ya nutsu ya ƙirga ya ce, "Ina na huɗun?"

Na gaya masa yana gidan Hajiya. Shi ma ya san abin da nake ji. A tarbiyyar da aka yi mana, abin da ka bayar ya tafi ke nan, komawa neman sa abin kunya ne da za a daɗe ana faɗa. Ya ce in bari, zai nemo wani.

Ya zagaya wuraren da ake tara matattun motoci, ya samo ɗaya, ya kawo da murna. A ido kamar tagwaye suke. Amma ni da na yi wata da watanni ina wanke abina, ina ɗauka na ji bai kai nauyin sauran ba. Na juya bayansa. Ni da girmana na koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci, ina goyon 'yata ta fari, kuma mu da muka koya da girma ba ma iya wuce rubutu ba mu tsaya ba, ko a jikin buhu ne. Na san a bayan kowane faifaina akwai ɗan hatimi da aka buga cikin ƙarfen, da lambobi, da wani zane-zane irin rubutun Japan. Wannan sabon bayansa sumul yake.

Na nuna wa Malam. Ya ce, "Wa zai leƙa bayan murfin taya?"

Na ce, "Mutumin da ya ƙi mota saboda sitiyari, zai leƙa."

Washegari na buɗe akwatina na ɗauko wata tasa ta tagulla da mahaifiyata ta sa mini a kayan ɗaki. Ita kaɗai na iya tahowa da ita daga gida. Na naɗe ta a zane, na hau bas zuwa tashar cikin gari, na canja wata zuwa gidan Hajiya. Duk hanya ina shirya magana, ina isa maganar ta gudu daga kaina.

Muka gaisa, muka tambayi yara, muka tambayi mutanen gida, na sake tambayar yara. Ga murfin nan a tsakar ɗaki, an jera masa kofunan shayi. Hajiya ta kalle ni ta ce, "Bon. Sau uku ke nan kina tambayar yarana, kuma idonki na kan tiren Alhaji. Faɗi abin da ya kawo ki."

Na sunkuyar da kai na ba ta labari tun daga farko. Na kwance zanen na tura mata tasar. Hajiya ta riƙe baki, sai ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Wato wata nawa ina ba manyan baƙi shayi a kan ƙafar mota! Liman ma ya sha a kai! Allah Ya isa tsakanina da 'yan Najeriya!"

Ta kwashe kofunan ta goge murfin da gefen zanenta ta miƙo mini. Tasar kuwa ta ce ba za ta karɓa ba. Na ce in ba ta karɓa ba, ni ma ba zan iya ɗaukar wannan ba, don ba zan yarda a ce na karɓe kyauta ba, musanya muka yi. Ta dube ni ta ga da gaske nake. Ta ce, "To, ajiya ce. Ranar auren 'yarki za ta koma gidanku." Haka kuwa aka yi, bayan shekaru.

Malam ya mayar wa motar kayanta ɗaya bayan ɗaya. Ranar komawa ya ce sai na raka shi, ai kujera biyu ce. Ranar na fara shiga cikinta. Kamar a ƙasa kake zaune, ga ƙara, na riƙe mayafina da hannu biyu ina salati har Sedgefield.

Tsohon ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya shafa sitiyarin, ya buɗe gaban motar ya daɗe yana kallon akwatin iskan. Sannan ya ɗauko ƙarfe ya ɓalle murafun nan, duka huɗun, ya juya bayansu yana bin hatimin da babban yatsa. Malam ya waiwayo ya kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa.

Tsohon ya sake sunkuyawa kan injin, ya shinshina, ya yi tambaya. Turancina lokacin kaɗan ne, sai Malam ya juya mini: wai me ya sa motar take ƙamshin na'ana'a? Malam ya ba shi labari, yana nuna ni. Tsohon ya yi dariya har ya dafa motar, ya cire hularsa ya ɗan rusuna mini. Sannan ya shiga ciki ya fito da rigar aiki mai shuɗi ya ɗora wa Malam a kafaɗa. Ya ce abu ɗaya zai roƙa: duk abin da Malam zai zubar a garejin nan, ya fara tambayar matarsa.

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Malam ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Uwargida, me zan saya miki?"

Na ce, "Faifai. Ka kwashe mini duka."

Ya yi shekaru masu yawa a garejin nan, har ya zama shi ake kira a waya daga wasu jihohi a tambaye shi ko kaza na asali ne. Yanzu ya huta, motar tana nan a rufe da tamfol, jikoki suna hawa su yi hoto. Idan na tuna, ba dabarata nake gani ba, don ni ban san darajar abin ba, kuɓewa kawai nake son shanyawa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne tafiyar nan a bas da tasa a cinya. Na ɗauka kunya za ta kashe ni, sai ga shi dariya kawai aka yi, kuma zumuncinmu da Hajiya ya ƙara ƙarfi. Tun daga nan na rage tsoron buɗe baki in nemi abu wurin wanda na san yana ƙaunata.

Yara har yau suna tsokanata da gwangwanaye. Amma in sun fara, babansu ne ke cewa, "Kai, ku bar mata kayanta." Shi da kansa yake wanke kwalbar ya kawo mini.