Gaisuwar Suruki a Kan Oba-oba

Cikin watannin da na yi ina koyon aiki a shagon Injiniya Bala a Karaye, ranar da ba ta taɓa fita a raina ba ita ce wata safiyar farkon damina da aka sace shanun huɗar Malam Iro. Ku da za ku fita koyon aiki bana, ku saurara, don abin da ya kusa kayar da mu ran nan ba ya cikin littafin da aka koya mana.

Aikin da aka ba shagon shi ne haɗa rediyon oba-oba na 'yan sintirin yankin Karaye da na yankin Rogo. Kowane ɓangare ya sayi nasa a lokaci daban, daga hannu daban. Na Karaye suna kan zangon da ake kira VHF, na Rogo kuma kan UHF, don haka ko mutum biyu suna tsaye a inuwa ɗaya, wannan ba ya jin wancan. Da can da wayar salula suke cike giɓin, amma a ƙauyuka da yawa hadari na tasowa sabis yake ɗaukewa.

Dabarar ba ta da wuya. Mun sa oba-oba biyu a akwati ɗaya, ɗaya irin ta Karaye, ɗaya irin ta Rogo, muka haɗa su da waya ta yadda abin da ɗaya ta ji za ta faɗa wa ɗayar ta watsa. Muka ɗora akwatin a kan wani dogon tankin ruwa da ke kusa da iyakar ƙananan hukumomin biyu, da eriya biyu da batir da farantin sola. Injiniya ya raɗa masa suna gada. A ciki akwai wani agogo da ke yanke magana idan mutum ya danne maɓalli ya wuce minti ɗaya, don kada na'urar ta yi zafi, kuma kada wani ya zauna kan rediyonsa ya toshe wa kowa hanya. Ni na saita agogon, na gwada shi har sai da Injiniya ya ce in ƙyale na'urar ta huta. Amma da "gwaji, gwaji, kana ji na?" na gwada, maganar da ba ta kai numfashi biyu ba.

Ran da abin ya faru Injiniya ya tafi Kano sayen kaya, ya bar ni a ofishin 'yan sintirin Karaye ina cajin batura. Ni kuwa a lokacin ko a aji malami ya kira sunana sai na ji kamar in shige ƙarƙashin benci. 'Yan sintirin ma Malam Shiru suke ce mini.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Malam Iro ya iso a bayan babur daga Yola tamu ta Karaye, ƙafarsa duk taɓo. Ya ce ya tarar da turke wayam, bijimai biyu, fari da baƙi. Wani mai kai madara ya ga an loda su a farar a-kori-kura mai shuɗin tamfol, ta nufi wajen Rogo. Da waɗannan bijimai yake huɗa gonarsa, da su yake yi wa maƙwabta ƙodago, ga ƙasa ta jiƙa, gyaɗa na jiran shuka. In motar ta fice daga Rogo ta shiga wata jiha, sai dai a yi masa jaje.

An gwada waya, babu sabis, saboda ruwan da aka kwana ana yi. Sai shugaban 'yan sintirin, Baba Tanko, ya ce to yau ga ranar gada. Wanda za a kira shi ne takwaransa na Rogo, Alhaji Mati. Abin da ban sani ba shi ne Baba Tanko 'yar Alhaji Mati yake aure.

Da muryar Alhaji ta fito, sai na ga Baba Tanko, mutumin da ake cewa ɓarayi na sauya hanya in sun ji sunansa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a tsakiyar ofis da rediyo a hannu. Ya danne maɓalli ya yi sallama, ya gai da kwana, ya gai da gajiya, ya tambayi ƙafar Alhaji da ke ciwo, ya shiga gai da mutanen gida ɗaki-ɗaki. Yana kan Hajiya Babba gada ta yi ƙit ta yanke.

Alhaji ya ce daga can bai ji ƙarshen maganar ba. Baba Tanko ya gyara durƙuso ya koma kan sallama, tunda ba a kama gaisuwar suruki daga tsakiya. A wannan karon ya ɗan yi sauri, har ya kai kan jikoki kafin a yanke shi. Alhaji ya karɓa, shi ma ya bi gidan Baba Tanko kaf, ya tambayi ruwa, sannan ya ce, "Yaya huɗa? Yaya dabbobi?"

"Lafiya lau, Baba, sai godiya," in ji Baba Tanko.

Malam Iro ya ɗora hannu a ka ya zauna daɓas a ƙasa. Ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗan nan, dabbobin wa ne lafiya lau?"

Babu wanda ya iya tsoma baki. Sauran 'yan sintirin yaran Baba Tanko ne, kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni kaɗai na san cewa in aka bi a haka, agogon zai yi ta yankewa, gaisuwa ta yi ta komawa farko, mota kuwa tana ta cin hanya. Sauya agogon sai an hau tanki da kwamfuta, kwamfutar kuma tana jakar Injiniya a Kano. Na matsa na tsuguna kusa da Baba Tanko, na ce na'urar numfashinta gajere ne, da a fara da zancen motar, gaisuwa ta biyo baya.

Ya harare ni ta gefen ido. "Malam Shiru, ashe kana magana? Ni in tari surukina da zancen shanu? Gobe da wane ido zan shiga gidansa?"

Ya dubi Malam Iro, ya dubi rediyon. Sai ya miƙo mini ita.

"Ungo. Na aike ka. Ɗan aike ba ya dogon zama."

Na karɓa. Na san duk mai oba-oba daga Karaye har Falgore yana saurare. Na danna na ce, "Salamu alaikum, Alhaji. Ɗan aike ne. Baba Tanko yana gaisuwa, ya ce a tare farar a-kori-kura mai shuɗin tamfol, da bijimai biyu na sata, fari da baƙi. Oba."

Alhaji bai ko amsa mini ba. Sai muka ji shi yana kiran yaransa ɗaya bayan ɗaya, kowa da hanyar da zai tsare, da wata murya da ba ta yi kama da ta mai ciwon ƙafa ba. Daga nan muka zauna jira. Malam Iro ya yi ta jan carbi, ni kuma na yi ta goge batirin da ba shi da datti.

Can kafin azahar wani ya shigo layi daga wajen Zoza ta Rogo. Ya ce motar ta kafe a taɓo, sun same ta direba na neman masu turi, bijimai suna nan lafiya, mutum biyu kuma an miƙa su ga 'yan sanda. Malam Iro ya tashi ya rungume ni har gilashina ya karkace. Ana cikin hamdala muryar Alhaji ta dawo a natse.

"To, Tanko. A ina muka tsaya?"

Baba Tanko ya koma ya durƙusa.

Da Injiniya ya dawo na ba shi shawarar a ƙara tsawon agogon. Ya yi dariya ya ce ko awa aka ba su sai sun cinye ta. Baba Tanko da Alhaji ne suka yanke abin da ake bi har yau: kowace safiya bayan sallar asuba a gaisa a gada, ana sakin maɓalli bayan kowace tambaya, mu kuma mu ɗauki wannan a matsayin gwajin na'ura na kullum. In gaisuwa ba ta ƙetara ba, mun san akwai gyara. Da rana kuwa duk wanda ya ce "ɗan aike ne", kowa ya bar masa layi, kuma babu mai cewa ya yi rashin kunya.

Na tafi Karaye ina ganin aikinmu haɗa zango da zango ne. Na dawo na san cewa kafin ka saita na'ura sai ka zauna ka ji yadda masu ita suke magana, da wanda suke jin nauyi. Yanzu duk gadar da na haɗa, ba na gwada ta da "kana ji na". Dattijo nake nema in miƙa masa rediyo, in ce ya gai da surukinsa.