Wai Ni Ce 'Yar Kwangila

Shekara shida na yi ina tsaye a gaban injin liƙe leda a wani gidan ruwan leda a Chikaji. Ƙarfe bakwai ake rufe get. Wadda ta makara da minti goma, gida za ta koma. Manaja ne ya raba mana shuɗiyar riga mai tambarin kamfani, shi ke faɗin wadda za ta fita cin abinci da wadda za ta jira. Wani gajere ne mai tumbi da zobba uku, ba ya amsa gaisuwa sai da hanci, kuma dole a ce masa Oga.

Da cikina na biyu ya kai wata takwas, ƙafafuna suka kumbura har silifa ba ya shiga. Na je ofishinsa neman hutun haihuwa, na tarar yana ɓare gyaɗa a kan tebur.

"Hutu na ma'aikata ne," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Ke 'yar kwangila ce, kanki kike yi wa aiki."

Ya zaro wata takarda da muka dangwala wa hannu ranar da aka ɗauke mu, wadda bai bar kowa ya karanta ba. Ni da ko tsintsiya ba ni da ita a gidan nan. Na fito na koma bakin injina.

Ran Lahadi na ba da labarin a zumuntar mata ta cocinmu a Samaru. Akwai wata dattijuwa a cikinmu, lauya ce da ta yi ritaya, mai yawan shiru. Ta ce in jira ta a bakin get ran Talata.

Da manaja ya gan ta da zane da ɗankwali, ya ɗauka uwata ce ta zo roƙo, har ya gyara zama. Ta ja kujera ba tare da an ba ta ba.

"Malam, injin nan na waye?"

"Na kamfani."

"Wa ke sa mata lokacin zuwa da na tashi?"

"Ai ko'ina da doka, Mama."

"In ta gaji, za ta iya turo ƙanwarta ta tsaya mata? Ko ta tafi wani gidan ruwa ta yi musu rabin yini?"

Ya ce ba a yin haka a nan.

"To ma'aikaciyarka ce. Kotu aikin take dubawa, ko me ka rubuta a takarda. In kana so alƙali ya maimaita maka, ni ba ni da wani uzuri a satin nan."

Mutumin da ke daka mana tsawa kullum sai ga shi yana inda-inda, yana cewa ai ba shi ba ne, umarni ne daga sama. Har lemo ya aika a sayo mata. Ba ta taɓa ba.

Na samu hutuna na sati goma sha biyu, na haifi 'yata a gida a Jushi, na koma bakin injina. Daga nan har na bar aikin bai sake yi mini magana baki da baki ba, sai dai ya aiko maigadi. Mata biyu sun haihu bayana, kuma ba wadda ya zaro wa takardar.